Falo Ɗaya, Masu Gida Biyar

Mai Sanyi ake ce masa, saboda gyaran firji da fanka ne sana'arsa, amma duk wanda ya taɓa yin musu da shi ya san sunan bai bi jikinsa ba. Shagonsa yana bakin babban titin da ya raba unguwarsu gida biyu, can bayan gari inda motocin haya ke juyawa su koma. Ɓangare ɗaya gangare ne, nan gidansa yake. Ɗaya ɓangaren tudu ne, can yayarsa take aure. Kowane ɓangare da makarantar firamarensa ta gwamnati, fenti iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya, har ƙararrawarsu kusan tare ake bugawa.

Wata Litinin da hantsi mijin yayar tasa ya shigo shagon rungume da fanka. Akawu ne da ya yi ritaya, amma har yanzu bai ajiye biro uku a aljihun gaba ba, shi ya sa kowa ke ce masa Akawu.

"Ƙanina, duba mini fankar nan, wata irin ƙara take yi."

Mai Sanyi ya jona ta. Fanka ta juya lafiya lau, ko tari ba ta yi ba.

"To, ta ga likita ta warke," in ji Akawu. Sai ya zaro wata takarda daga aljihu, kamar wanda ya tuna da ita yanzu. "Ka kuwa ga wannan? Ofishin ilimi ne ya fitar da sakamakon makarantun yankin nan, guda goma sha ɗaya."

Mai Sanyi ya karɓa da hannunsa mai baƙin mai. Makarantar tudu ce ta ɗaya, inda autan Akawu yake. Ya bi jerin da ido yana neman ta gangare, inda tasa 'yar take, har takarda ta ƙare.

"Ba su sa tamu ba."

"Sun sa. Babban yatsanka ne ya danne ta."

Ya ɗaga yatsa. Ga ta nan, ta goma sha ɗaya, da tambarin baƙin mai a kanta.

Ran nan da wuri ya rufe shago. 'Yar tasa tana aji biyar, shekararta goma, kuma Lauya ake ce mata a gida, don ba a taɓa ba ta umarni ta karɓa ba tare da ta tambayi dalili ba. Ya same ta a tsakar gida tana taya uwarta kwance zare daga keken ɗinki.

"Ke, ta nawa kike zuwa a ajinku?"

"Ta uku."

"Ta uku a makarantar da ta zo ta ƙarshe."

"Baba, 'yan aji shida ne suka yi jarrabawar, ba ni ba."

"Bakwai sau takwas nawa ne?"

Lauya ta dubi sama. "Ko hamsin da huɗu, ko da shida. A gidan shida muka tsaya malamin lissafi ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"An mai da shi cikin gari, tun zangon farko."

"To wa ke koya muku lissafin?"

"Malamin wasanni. In ya shigo sai mu yi tsalle, ya ce mu ƙirga."

Mai Sanyi ya juya ga matarsa, ya ce ta yaya za a yi irin wannan abu ba wanda ya gaya masa. Ita kuwa ko kai ba ta ɗaga daga keken ba. Ta ce sau uku makaranta na aiko da takardar taron iyaye. Ta farko ya ƙunshe kusoshi a ciki, ta biyu ya goge hannu da ita, ta uku ma tana nan ƙarƙashin ƙafar tebur, ita ta hana shi girgiɗi.

Ya ce magana ɗaya ce, yarinya za ta koma tudu.

Sai dai dokar ofishin ilimi ta ce kowane yaro makarantar ɓangarensu zai je, kuma titin nan shi ne iyaka. Don haka washegari Mai Sanyi ya wanke hannu da omo har sau biyu, ya sa riga mai tsabta, ya tsallaka gidan Akawu. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyar ƙafa, ya tambayi lafiyar fanka, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: a rubuta cewa shi da iyalinsa a nan gidan suke zaune.

Akawu ya jingina da kujera, ya lumshe ido. A duniya ba abin da yake so kamar a roƙe shi. Ya ce abin da wuya. Ya ce shi mutum ne da ya yi shekara talatin da biyu yana aiki ba a taɓa kama shi da ko gogaggen harafi ba. Ya bar Mai Sanyi ya ce "don Allah, Yaya" har sau huɗu, sannan ya zaɓi biro ɗaya cikin ukun ya sa hannu.

Yayar Mai Sanyi ta leƙo daga kicin. "Maigida, ba ka gaya masa..."

Akawu ya yi wani tari mai ƙarfi, ta koma ciki.

Sauran aiki shi ne Lauya.

"In aka tambaye ki ina kike zaune, me za ki ce?"

"A gidanmu."

"Wane gidan naku?"

"Wannan mana."

"A'a. Gidan Gwaggo za ki ce."

"Baba, ba ƙarya ke nan ba?"

"Ba ƙarya ba ce. Gidan gwaggonki ai gidanki ne."

"To me ya sa in zan taho take cewa in gaida mutanen gida?"

Ya ce ta daina jan magana, ta dai riƙe abin da ya gaya mata.

Bayan mako biyu saƙo ya shigo wayarsa: ranar Alhamis da ƙarfe goma jami'in ofishin ilimi zai zo ya tabbatar da adireshin. Mai Sanyi ya yi shiri irin na mai tafiya. Ya ɗauki silifas ɗinsa na wanka, da tsohuwar rigar zaman gida, da hotonsu na iyali mai gilashi da zai rataya a bango. Ƙarfe tara ya kama hannun Lauya suka tsallaka.

Da shigarsa falon Akawu ya ga wani ƙato zaune da singileti, tawul a wuya, yana kurɓar shayi kamar a nan aka haife shi. Kafintan layinsu ne na gangare, ga 'ya'yansa biyu a gefe sun yi tsaf.

"Me kake yi a nan?" in ji Mai Sanyi.

"A nan nake zaune," in ji kafinta, bai ko ƙifta ido ba. Sai ya ga hoton da ke hannun Mai Sanyi, ya ajiye kofin a hankali. "Kai ma?"

Ba su rufe baki ba aka yi sallama. Mai gyaran famfo ne, burushin goge baki a aljihu, da yarinya ɗaya. A bayansa direban bas, da yara uku da matashin kai a hammata. Dukansu 'yan gangare, dukansu saƙo ɗaya suka samu, don ofishin ya ga adireshi ɗaya ne sai ya haɗa ziyarar wuri guda.

Idanu takwas suka koma kan Akawu, wanda ya tsaya a ƙofar ɗaki yana gyara biro.

"Ban ɗauka rana ɗaya za su sa ba," ya ce. "A zamaninmu kowane fayil da ranarsa."

"Na gaya maka," in ji matarsa daga kicin. "Gida ɗaki biyu, ka zuba masa mutum ashirin."

Nan musu ya tashi kan wa zai tsaya, wa zai fita ta baya. Mai Sanyi ya ce shi ba a haɗa shi da kowa, matar gidan nan ciki ɗaya suka fito. Direba ya ce shi aka fara sa wa hannu, tun kafin a fitar da sakamako ma. Kafinta ya ce kujerun da ake zaune a kai shi ya ƙera su, in dai zama ne ya fi kowa zama a gidan. Akawu ya kawo shawara a yi layi, kowa ya fito lokacinsa, sauran su ɓuya. Ana cikin rabon wa zai fara aka ƙwanƙwasa ƙofa. Goma saura kwata.

Kafinta ya faɗa bayan labule, ƙafafunsa a waje. Mai famfo ya shige banɗaki. Direba ya miƙe a doguwar kujera, ya sa matashinsa, ya rufe ido. Yara bakwai suka jeru a bango. Mai Sanyi ya tsaya tsakiyar falo, silifas a hannun dama, hoto a hagu.

Mace ce ta shigo, dattijuwa, da takalmi maras tsini da ƙaton fayil, fuskarta irin ta wadda ta daɗe da daina mamakin mutane. Ta gaisa, ta dubi falon daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Wane ne maigidan?"

"Ni ne," in ji murya uku, ɗaya daga bayan labule.

Malamar ta buɗe fayil. Ta kira sunayen yara, kowa ya amsa. Sannan ta dubi Mai Sanyi.

"Kai ne mahaifin wannan? A ina kake kwana?"

Sau da yawa yana zuwa gidan, amma iyakarsa falo. Ya zaɓi ƙofar da ta fi kusa, ya buɗe da ƙarfin hali. Tsintsiya ta faɗo masa a kafaɗa. Bokitai ne a ciki, da tsohon keke, da buhunan gawayi.

"Ba na son wuri mai faɗi," ya ce.

"Na gani. Ɗan kunna mana fanka, akwai zafi."

Makunni huɗu ne a bango. Ya danna na farko, fitilar waje ta kama. Ya danna na biyu, ƙararrawar ƙofa ta yi kuka, har direba ya zabura ya ce "a shigo" kafin ya tuna barci yake yi. Daga banɗaki kuma sai ga ƙarar ƙarfe. Mai famfo ya tarar da famfo na ɗiga, zuciyarsa ta kasa daurewa, ya zaro sifana ya hau aiki.

Malamar ta sunkuya wajen Lauya. "'Yata, ke a ina kike kwana?"

Lauya ta dubi ubanta. Ya yi mata ido har gira ta yi ciwo.

"Baba ya ce gidan Gwaggo gidana ne," ta ce. "Amma katifata tana tsallaken titi."

Malamar ta nemi wuri ta zauna, ta roƙi ruwan sha. Ta ce na bayan labule ya fito, ƙafafunsa sun gaji. Ta ce a kira na banɗaki, in ya gama. Suka taru gabanta, manyan mutane da gemu, kowa na kallon tabarma.

"Gida na shida ke nan a makon nan," ta ce. "Jiya na je wani shagon aski da aka ce yara tara ke kwana a ciki. In na sa muku hannu duka, ajin tudu zai kai mutum casa'in, baɗi kuma ku nemi wani titin ku tsallaka. Kun san me ya raba makarantun nan biyu?"

Akawu ya gyara murya. "To, da farko dai akwai tarbiyyar gida..."

"Kai ne," ta ce masa. "Kai da irinka. Bara takarda ashirin da uku ka rubuto mana. Allo ya tsage, ka rubuto. Malami ya makara, ka rubuto. Shugabanmu in ya hango ka ta taga, ta ƙofar baya yake fita. Malamin tudu in ya tafi ranar Juma'a, Litinin mun tura wani, don mu samu mu sha iska."

Akawu ya rasa yabo ne ko zagi, sai ya zaɓi yabo, ya ɗan yi murmushi.

"Ni shekara tara na koyar a gangare," ta ci gaba. "Yaran can ba abin da ya same su. Rufin aji shida ne ke yoyo, da an yi ruwa sai a gwama su da 'yan aji biyar. Fankoki sun mutu, da rana ta take rabin aji barci yake. Famfon banɗaki ya lalace, yarinya in ta tafi gida biyan buƙata ba ta dawowa. Malamin lissafi wata bakwai da tafiya, ko mutum ɗaya bai zo ya tambaye mu ba. Na san da yawanku tun duku-duku kuke fita nema. Mu ma da namu laifin, wanda ya fi damunmu shi muke fara ba wa. Amma haka abin yake." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Kai mene ne aikinka?"

"Kafinta."

Ta dubi mai famfo. "Kai na ji naka da kunnena. Kai fa?"

"Firji," in ji Mai Sanyi. "Da fanka."

Ta rubuta "ba a amince ba" a takarda huɗu. Ta ce doka ta ba ta dama ta kai rahoton bayanin ƙarya, amma fayil ɗinta ya riga ya yi nauyi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce ta ji ranar Asabar akwai taron iyaye a gangare.

Tsallaka titin nan a dawowa ya yi wa Mai Sanyi tsawo. Yana tafe da hoto a hammata, yana ji kamar duk motar da ta wuce ta san labarin. A gida Lauya ce ta ba uwarta labari, ba ta tsallake ko tsintsiyar ba. Matar ta yi dariya har ta bar keke ta zauna a ƙasa.

Ranar Asabar ya tafi makarantar, da niyyar ya wanke hedimasta tas. Ya ɗauki jakar kayan aiki ne kawai, in ji shi, don daga can zai wuce wani wuri. A bakin ƙofa ya tarar da kafinta da guduma, da mai famfo da sifana, da direba ya ɗauko musu tsani a kan bas. Kowa ya ce wucewa zai yi.

Hedimastan wani siririn mutum ne da ya saba jera kujera arba'in mutum uku su zo. Da ya hango ƙarti huɗu sun nufo shi da ƙarafa, ya ja baya har ya jingina da allo.

"Iyaye, a yi haƙuri, sakamakon nan ba laifina ne ni kaɗai ba."

"Ina fankokin?" in ji Mai Sanyi.

Abin da ya gani ya kashe masa faɗan da ya zo da shi. Fanka goma sha biyu, uku zanzaro ya yi gida a ciki, ɗaya an ɗaura mata waya a juye tana tura iska sama, ɗaya kuma fiffike ɗaya gare ta. Ya tsaya a ajin 'yarsa, ƙarfe goma sha ɗaya kawai amma gumi na bin bayansa. Ya ga bencin da take zama, su biyar a kai. Ya hau tsani.

Asabar huɗu suka yi suna zuwa. Labarin falon Akawu ya zaga unguwa, mutane suka riƙa zuwa kallon masu gidan, wanda ya zo kuma sai a miƙa masa abin riƙewa. A Asabar ta uku iyaye suka kai talatin, hedimasta ya ce tunda an taru a zaɓi shugaban iyaye. Kafinta ya nuna sama, inda Mai Sanyi ke kan tsani da sukudireba a baki da waya a kowane hannu. Ya yi ta girgiza kai yana gurnani, aka ce ya amince, aka tafa.

Saura malamin lissafi, shi kuma ba a gyara shi da sifana. Takarda ake so, Mai Sanyi kuwa rubutunsa bai wuce na rasit ba. Ya daure ya sake tsallaka titi.

"Yaya, takarda nake so ka rubuta mana zuwa ofishi."

"Ni? In rubuta wa makarantar da ke neman kamo tamu?"

"Mu na goma sha ɗaya ne, Yaya."

Hannun Akawu ya riga ya kai aljihu. Shafi huɗu ya rubuta, da kwafi uku, ya kuma koya masa sirrin aikin: kada ya aika, ya kai da kansa, ya zauna a bencin da shugaban zai gan shi, ya gaishe shi da fara'a duk wucewar da zai yi.

Duk Litinin Mai Sanyi ya rufe shago ya je ya zauna. Dattijuwar nan takan wuce shi da fayil ɗinta, ta ce, "Maigida, ya mutanen ɗakin tsintsiya?" A mako na shida ya lura na'urar sanyaya ofishin shugaban tana kuka ba ta sanyi. Ya gaya wa masinja cewa aikin minti goma ne, sai dai shi a 'yan kwanakin nan hankalinsa ba a kwance yake ba, in ya taɓa waya hannunsa rawa yake, saboda tunanin lissafin yara. A mako na tara aka turo malama.

Da sakamakon shekara ya fito, tudu tana nan ta ɗaya, gangare ta zo ta tara. Akawu ya ce har yanzu da sauran tafiya, kuma gaskiya ya faɗa: aji uku ba su da isassun littattafai, bencuna ba su kai ba, malamai biyu na neman a mai da su cikin gari. Amma direba ya zaga unguwa yana danna ham kamar an ci kofi, hedimasta kuma ya sa kwat.

Wadda ba ta yi murna ba ita ce Lauya. Wata la'asar Mai Sanyi ya dawo ya same ta a kan tabarma, littattafai sun kewaye ta, fuska a murtuke.

"Baba, 'yan ajinmu sun daina yi mini magana."

"Saboda me?"

"Sun ce kai ka jawo mana. Malamar nan kullum aikin gida ashirin take bayarwa, har ranar Juma'a. Da muna zamanmu lafiya." Ta turo masa littafin. "Tunda kai ne shugaba, zo ka yi mini wannan. Biyu bisa uku a tara da uku bisa biyar."

Mai Sanyi ya karɓa, ya nisanta shi da ido, ya kusanto da shi. Ya ce rubutun malamar ƙanana ne. Ya ce a zamaninsu ba haka ake jera shi ba. Sannan ya dafa aljihu, ya zaro wayar da ba ta yi ƙara ba, ya kara a kunne.

"Firjin ya sake tsayawa? To, ga ni nan zuwa."

Matarsa ta ce ya sayo mata allurar keke in zai dawo, tunda wayar ma a kashe take, ba wanda zai tsare shi a hanya.